A-kori-kurar Mai Agogo

A layinsu ba wanda yake kiransa da wani suna sai Mai Agogo, har matarsa ma in tana jin tsokana. Ya yi kusan duk rayuwarsa a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin kantin magani da shagon mai gyaran takalma, irin shagon da in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Tebur ne guda, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da farin ƙyalle a shimfiɗe, da ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya har ya bar masa zobe a fata. Ƙa'idarsa ta aiki ɗaya ce kuma ba ya sauka daga kanta: ba a gyara abin da ba a kwance ba. Ko hannun agogo ne kawai ya ɗan karkace, sai ya warware agogon kaf, ya wanke kowane ɗan ƙarfe, ya jera su a kan farin ƙyallen, sannan ya soma mayarwa. Masu gaggawa sukan yi mita, amma agogon da ya bi ta hannunsa ba ya ƙara yi wa mai shi ƙarya. In aka zo karɓa bai gama ba, amsarsa ba ta canjawa, sai ya ce saura ƙiris.

Matarsa kuwa 'ya'yansu ne suka sa mata Inna, layin duka ya ɗauka. Mace ce mai bakin magana, ba ta barin ta kwana. Farkon aurensu, ranar da za su tashi daga ɗakin haya zuwa gidan da suka tsufa a ciki, suka ɗauki hayar wata a-kori-kura, wato motar nan mai wurin zama a gaba da buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya. Direban ya cika gaba da abokinsa da wani buhu nasa, ya nuna wa Inna baya. Ta hau kan katifa ta rungume kabad don kada ya faɗi, Mai Agogo yana biye da su a keke. Ba su yi nisa ba sama ta ɓalle da ruwa. Haka ya yi ta taka keke yana kallon matarsa tana jiƙewa, ba abin da zai iya yi, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da suka isa, yana matse mata mayafi a bakin ƙofa, ya ce mata wata rana zai sayi irin wannan motar sak, kuma ita ce za ta zauna a gaba. Ta yi dariya ta ce ya fara nemo mata busasshen zane tukuna.

Ita ta manta, ko kuma ta yi kamar ta manta. Shi kam alkawari kaya ne, ya ɗora shi a ka ya yi ta yawo da shi. Sai da yara suka soma tasowa sannan ya ci karo da ita a bayan wani gidan burodi: irinta sak, mai zagayayyun fitilu da faffaɗan goshi, ta taɓa zama shuɗiya a wani zamani, tayoyinta sun zauna, kaji sun mai da gabanta wurin saka ƙwai. Mai gidan burodin da ya ji wai saye ake so a yi, sai da ya ce a maimaita masa. Maƙwabta suka taru suka turo ta har cikin gida, aka ajiye ta a ƙarƙashin rumfar da ke gefen tsakar gida. Wani bakanike da ke cikin masu turin ya buɗe bonet ya leƙa, ya ce ai ba wani abu ba ne, a wanke kafireta, a sa batir, a canja fulogi, cikin 'yan kwanaki za ta tashi. Mai Agogo ya dube shi da tausayi. Ta yaya za a gyara abin da ba a kwance ba?

Washegari ya shimfiɗa zanen gadon Inna, fari ƙal, a tsakar gida, ya ɗauki sifana. Abin da bai lissafa ba shi ne, agogo tafin hannu yake ci, mota kuwa gida take ci. Ya kwance inji, ya kwance giya, ya sauke lagireto, ya cire ƙofofi, ya bi kowane noti ya wanke da kananzir ya goge har yana ƙyalli. Zanen gado ya cika, aka ƙaro wani. Da damina ta matso sai aka soma shiga da kaya ciki. Ƙanana suka shiga gwangwanayen madara, manya aka naɗe su a tsofaffin zannuwan Inna aka tura ƙarƙashin gado, da bayan ƙofa, da saman kabad. Ba takarda, ba alama, duk a kansa yake riƙe da su, domin a cewarsa mai gyaran da yake rubuta inda kusa ta fito bai iya aiki ba.

A makon farko ya gama abu ɗaya. Akwai wani ɗan agogo a gaban direba, irin na wani, wato wanda ake murɗawa da hannu, wanda ya tsaya tun ba a san ranar ba. Shi ya fara cirewa, ya tafi da shi shago, ya dawo da shi yana bugawa tsaf. Ya ajiye shi a gefen gado kafin a gama sauran, yana yi masa wani kowace safiya. Shi ne abu na farko da ya gama a jikin motar, kuma in za a faɗi gaskiya, shi ne na ƙarshe.

Ba wai lalaci ya yi ba. Kullum ya dawo daga shago sai ya shiga rumfa. Matsalar ita ce duk ƙarfen da ya ɗauko zai mayar, sai ya hango masa wani ɗan aibu, ɗigon tsatsa ko ɗan karce, sai ya ce wannan ba zai koma a haka ba. In ya samo sabo a kasuwa, sai ya juya shi ya ce na zamani ne, ba aure tsakaninsa da ƙarfen da. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi. Inna takan ƙarasa masa daga kicin cewa sai dai a daɗe ba a je ba.

Shi kuwa ƙarfe in ya daɗe a gida, sai gida ya samo masa aiki. Madubin gefe ya koma banɗaki, a nan ake aski. Murfin taya ya zama kwanon ruwan kaji. Ƙofar baya aka ɗora ta a kan bulo, ta zama teburin wanki. Fistin guda ya zama madannin ƙofar kicin, ƙoƙon fitila ya zama ma'ajin maɓallai da allura, hon kuma ɗansu na biyu ya haɗa shi da waya ya mai da shi ƙararrawar ƙofar gida, duk baƙon da ya danna sai ya yi tsalle. Kujerar gaba, doguwa mai jar fata, aka shigo da ita falo don kada rana ta cinye ta, na ɗan lokaci. A kanta aka yi renon auta, a kanta aka karɓi surukai. Da yamma in an ci abinci, Mai Agogo yakan zauna a gefen direba inda sifirin ya ɗan lotsa, Inna ta zauna a gefen fasinja, su ji rediyo. Ba wanda ya raba musu wurin, haka kawai aka saba.

Tuƙi kuwa bai taɓa koya ba. Wa zai je ya koyi tuƙi a motar mutane, alhali ga tasa nan tafe? Layin kuma ya samu abin magana. In uwa ta ce wa ɗanta za ta saya masa keke ranar da motar Mai Agogo ta tashi, yaro mai wayo ya san ya fashe da kuka kawai. In an gamu da shi a hanya a tambaye shi ya jikin mai jiki, sai ya amsa da fara'a, ya ce da sauƙi, saura ƙiris. Bai taɓa jin haushi ba, domin shi da gaske yake.

Sannan zamani ya juya. Kowa ya soma duba lokaci a waya, agogo ya zama na kwalliya, in ya tsaya a jefar a sayi wani. Idon Mai Agogo ma ya soma yin hazo, hannun da yake ɗaukar ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba ya soma rawa. Ya rufe shago ya dawo gida. Kowa ya ce to yanzu kam ga lokaci, mota za ta tashi. Shi kaɗai ya san ba haka ba ne. Yakan shiga rumfa da safe, ya kwance ƙunshi, ya goge abin da ke ciki, ya daɗe yana kallonsa yana neman tuna inda ya fito, sannan ya naɗe ya mayar. Abin yana ba shi tsoro, kuma yana ba shi kunya. Ba motar ce take damunsa ba kamar maganar da ya yi wa wata yarinya a bakin ƙofa, mayafinta yana ɗiga.

Gwiwoyin Inna ne suka yanke hukunci. Ɗakin kwanansu a sama yake, matattakalar kuma tsaye take, ba ta da tausayi. Babbar 'yarsu, wadda take aikin jinya kuma ta gado bakin uwarta, ta zo ta ce dole a gina wa Inna ɗaki a ƙasa, kuma ba wani fili a gidan sai inda gangar motar take. Mai Agogo ya ce a ɗan ba shi lokaci. 'Yar ta ce tun tana tsallen igiya take jin wannan ƙiris ɗin, yanzu ga shi ita ma ta soma furfura. Bayan 'yan kwanaki ya shigo daga rumfa ba zato, ya tarar da Inna a tsakiyar matattakala a zaune, tana saukowa da zama, hawa ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe, ta ɗauka ba mai ganinta. Ya koma da baya a hankali don kada ta san ya gani. Ranar ya kira 'yarsa ya ce ta zo ta ɗauki hoton motar ta sa tallarta a waya.

Wurin rubuta tallar ma sai da aka kai ruwa rana. Ita ta rubuta cewa tsohuwar a-kori-kura ce, an soma gyara ba a ƙarasa ba. Shi ya ce wannan ɓata suna ne, a rubuta an kusa gamawa. Aka shirya a kan cewa kayanta duk suna nan. Masu zuwa suka soma zuwa. Na farko 'yan gwangwan ne, suka zo da sikeli, ya raka su har bakin titi da maganganun da ba a san ya iya ba. Wani ya ce zai yanke bodin ya yi kejin kaji. Wani ya shuri taya da ƙafa, wannan ko ruwa ba a ba shi ba. Mai Agogo ya riƙa yi wa kowa tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa, har 'yar ta ce ita da aka zo neman nata ba a tsananta haka ba.

Sai wata safiya wani mai gareji ya zo, ƙaƙƙarfan mutum mai sanyin murya, wanda tsofaffin motoci ne sana'arsa kuma su ne cutarsa. Ya gaida Mai Agogo, ya gaida Inna, sannan ya je ya ɗora tafin hannu a kan goshin motar yana shafawa. Mai Agogo ya kwance masa ƙunshi ɗaya. Mutumin ya ɗaga ƙarfen ya kalla a rana, ya juya shi, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin kayan inji masu tsabta haka ba, ko a asibiti sai haka. Aka yi ciniki ba ja-in-ja. Sharaɗinsa ɗaya ne, yana son ta cikakkiya, domin irin waɗannan kayan ba a samunsu kuma.

Nan fa aka ga aiki. Ashe sayar da motar kwashe rabin gidan ne. Aka cire madubi daga banɗaki, aka bar ƙusa tsirara. Kaji suka tsaya cirko-cirko suna kallon inda kwanonsu yake. Ƙofar kicin ta soma bugawa da kanta. Aka aika gidan maƙwabci karɓo jak ɗin da ya ara tun ɗansa yana goye, ya kawo yana cewa shi ya ɗauka kyauta ce. Inna, wadda ta shekara da shekaru tana cewa ƙarfe ya hana ta shara, ita ce yanzu take bin kowane kaya da harara. Da aka juye mata maɓallai a leda, ta ce wai mutum ya zo har gida ya kwashe wa tsohuwa kayan ɗaki, kuma a ce masa an gode. Mai garejin ya yi kwanaki yana zuwa, ya sa tayoyi, ya ɗaura sitiyari, ya mayar da ƙofofi da gilashi, sauran kaya duk aka loda a baya. Abin da ya rage kujera ce.

Da yammacin da za a wayi gari a ɗauke ta, suka zauna a kanta kamar kullum, rediyo a kashe. Mai Agogo ya daɗe yana shafa fatar inda ta tsage. Can ya ce, “Inna, ki yafe mini. Na ce zan sa ki a gaba, ga shi har mun tsufa ban yi ba.”

Ta dube shi ta gefen ido. “Au, kana nan da wannan maganar?”

“Kullum.”

Ta tashi da ƙyar ta ce bari ta duba ko an rufe kaji.

Da safe aka fitar da kujera aka ɗaure ta a mazauninta. Falo ya yi fayau, sai shatin ƙafafunta a ƙasa. Mai Agogo ya hau sama ya sauko da ɗan agogon. Mai garejin ya ce haba Baba, wannan ai ka riƙe. Ya ce a'a, cikakkiya aka ce. Ya zura shi a raminsa a gaban direba, kusoshin suka shiga daidai, ya yi masa wani, ya ce a riƙa yi masa kowace safiya, kada a matsa da yawa.

Sannan mai garejin ya sosa ƙeya ya ce akwai 'yar matsala. Zai ja ta da tasa motar, da ƙarfe zai haɗa su ba igiya ba, saboda haka ba ruwan kowa da birki, amma dole a samu mai riƙe sitiyari, shi kuma shi kaɗai ya zo. Mai Agogo ya ce shi bai iya tuƙi ba. Mutumin ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga ba mai dariya. Ya ce ai ba tuƙi ba ne, ba inji, ba giya, in ya ga an yi dama ya yi dama, kuma a hankali za a tafi. Suna cikin haka Inna ta fito. Ta sa mayafinta na zuwa unguwa, ta rataya jaka, tana dogara sanda. 'Yarta ta tambaye ta ina zuwa. Ta ce kujerarta ce, inda za ta nan za ta, kuma a daina tsayawa ana kallonta a zo a kama ta ta hau.

Haka a-kori-kurar ta fito daga gida. Layin ya cika kafin ta kai kwana. Masu shago suka fito, mata suka leƙo ta taga, wani ya ɗaga murya ya ce motar Mai Agogo ta tashi. Wani magidanci mai gemu ya juya ya dubi tsohuwarsa ya ce to, ina kekena? Inna ta ɗora gwiwar hannu a taga, tana amsa gaisuwa da ka kamar wadda ta saba. Mai Agogo kuwa ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, gumi yana bin wuyansa, hanya tana yi masa hazo. Ita ce idonsa. Tana cewa hagu, Malam, hagu na ce, za ka kwashi mai lemo. Da suka miƙe a babban titi ta ce ya rage gudu, ita ba ta son ganganci.

Mota ba inji shiru gare ta. Ba abin da ake ji sai kukan sifirin da bugun ɗan agogon. Suka wuce tsohon shagonsa, inda yanzu ake sayar da murfin waya. Inna ta waiga ta gilashin baya ta daɗe tana kallon irin wurin da ta taɓa zama a kan katifa, yanzu cike da gwangwanaye da ƙunshin tsofaffin zannuwanta.

“Ba haka na so ba,” in ji shi, bai ɗauke ido daga hanya ba. “Na so da injinta, da fentinta.”

“Gaba ka ce,” in ji ta. “Ban ji ka ce da inji ba.”

Daga nan hazon idonsa ya ƙaru, sai ta kai hannu ta riƙe masa gefen sitiyari har suka sha kwanar ƙarshe.

A bakin gareji motar gaba ta tsaya, tasu ma ta tsaya. Mai garejin ya kashe inji, ya zagayo yana murmushi, ya kama ƙofar Inna zai buɗe mata. Ta riƙe ta daga ciki. Ta gyara zama a gefenta na kullum, ta ajiye jaka a cinya, ta dubi agogon da yake ta bugawa a gabansu.

“Ɗana, bar mu tukuna,” in ji ta. “Saura ƙiris.”